Yadda Unguwa Za Ta Tsara Wucewar Tankar Mai da Sauran Kaya Masu Haɗari

Tankar da ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, a daren 15 ga Oktoba 2024, daga Kano ta taso za ta Nguru. Fetur ya malale cikin magudanar ruwa, mutane suka fito da jarkoki da bokitai, daga baya wuta ta tashi, aka rasa sama da mutum 150. Wata uku bayan nan, ranar 18 ga Janairu 2025, abin ya sake faruwa a mararrabar Dikko ta jihar Neja, ana cikin juye man tankar da ta kife zuwa wata da taimakon janareto, fiye da mutum 80 suka rasu. Mutanen Yamai ma ba su manta da watan Mayun 2019 ba, lokacin da wata tanka ta kama da wuta kusa da filin jirgin sama ta ci rayuka sama da 50. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Babu mai iya raba tanka da titi a halin da muke ciki. Man da Arewa ke sha a kan taya yake zuwa, daga Legas da Warri da Fatakwal da Kalaba, a Nijar kuma daga matatar Damagaram. Abin da yake hannun jama'a shi ne su sa a tsara hanyar da za ta bi, da lokacin da za ta bi, da gudun da za ta yi, da inda za ta kwana. Wannan jagora na masu unguwa ne da kansiloli da limamai da ƙungiyoyin ci gaban gari, da duk wanda ƙofar gidansa ke kallon babban titi.

Mataki na farko: ku san abin da ke wucewa

Ku samu matasa huɗu ko shida masu natsuwa, ku ba su littafi da biro, su riƙa karɓa-karɓa a bakin titi har kwana bakwai, dare da rana, har da ranar kasuwa da Juma'a. Duk motar kaya mai haɗari da ta wuce a rubuta lokaci, da inda ta dosa, da irin kayan, da ko ta tsaya. Jami'in da kuka ce wa "tankoki sun dame mu" zai ba ku haƙuri ku tafi. Wanda kuka ajiye wa takarda mai nuna tanka nawa ta wuce ƙofar firamare tsakanin ƙarfe 7 da 8 na safe, dole ya karanta.

Kada ido ya tsaya kan fetur kawai. Akwai tankar iskar gas mai kama da doguwar tukunya. Akwai motocin da ke kai tukwanen kulorin wuraren tace ruwan famfo, da masu ɗaukar asid zuwa masana'antu, da masu dakon nakiyar fasa dutse zuwa wuraren fasa dutse da na haƙar ma'adinai. Motar nakiya ce ta yi karo da babur a Apiate, kusa da Bogoso a Ghana, ranar 20 ga Janairu 2022, ta rushe kusan garin baki ɗaya.

Gane kayan ba wuya idan motar na ɗauke da alamar da ta kamata. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kaya masu haɗari gida 9, kowane da tambarinsa mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsini. Lamba 1 ta abubuwan fashewa ce, 2 ta iskar gas, 3 ta ruwa mai kama wuta kamar fetur, 6 ta guba, 8 ta abin da ke cin fata da ƙarfe. Akwai kuma allo mai ruwan lemo da ake maƙalawa gaba da baya, mai lambobi biyu. Ta ƙasa ita ce sunan kayan: 1203 fetur, 1202 gas na manyan motoci, 1223 kananzir, 1075 ko 1965 gas na girki, 1017 kulorin. Ta sama tana faɗin irin haɗarin, kuma idan aka maimaita lamba, kamar 33 a kan tankar fetur, ana nufin abin ya tsananta. Wannan tsari na cikin yarjejeniyar ADR ta safarar kaya masu haɗari a kan titi da aka ƙulla a Janiba a 1957, Najeriya kuma ta shiga cikinta a 2018. Da yawa daga tankokinmu ba za ku ga allon a jikinsu ba. Ku rubuta hakan ma, hujja ce.

Mataki na biyu: ku zana hanyar

Babbar takarda ta isa. Ku ja layin titin daga shigowa gari zuwa fita, ku sa alama a makarantu da kasuwa da masallacin Juma'a da asibiti da tasha. Sai ku sa wata alamar daban a inda mota ke shan wuya: kwana mai kaifi, gangara, shataletale, ramuka, gefen kwalta da ruwa ya zaizaye. Inda alamomin biyu suka haɗu, nan ne aikinku yake.

Abin da aka fi mantawa shi ne lambatu. Ku bi kowace kwata da kwalbati ku ga inda ruwanta ke zuwa, domin nan fetur zai bi. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama, kwanciya yake yi yana bin gangara. Yana iya tafiya cikin lambatu ya iske murhun mai ƙosai a lungu na uku, wutar ta biyo shi da gudu ta dawo kan tankar. Gas na girki ya fi haka muni, don lita ɗaya ta ruwansa tana zama tururi kusan lita 250. Saboda haka masu shayi da masu tsire da masu walda da 'yan bumburutun da ke bakin titi su ma su shiga zanen.

Mataki na uku: titin na wane ne?

Koke da yawa na mutuwa ne saboda an kai shi ofishin da ba shi da iko. A Najeriya, zirga-zirga a manyan titunan tarayya, irin su Kano zuwa Zariya ko Kaduna zuwa Abuja, tsarin mulki ya bar ta a hannun gwamnatin tarayya, don haka Ma'aikatar Ayyuka ta tarayya da Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, za ku nufa. Titin jiha na ma'aikatar ayyuka ko sufuri ta jiha ne da hukumar zirga-zirgarta, kamar KAROTA a Kano ko KASTLEA a Kaduna. Titunan cikin unguwa da tashoshin mota na ƙaramar hukuma ne. Ingancin tankar mai da lodinta da lasisin gidajen mai da wuraren sayar da gas suna ƙarƙashin hukumar kula da harkokin mai ta NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Nakiya kuma ma'aikatar ma'adinai ce ke ba da izininta, tare da jami'an tsaro.

Ku je ofishin ayyuka na ƙaramar hukuma ku tambayi matsayin titinku kafin ku rubuta komai.

Mataki na huɗu: ku zauna da direbobi tun da wuri

A ganina nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Direban tanka ba abokin gaba ba ne. Idan wuta ta tashi shi da yaron motarsa ne a gaba, kuma sau da yawa shi ne ke ihu yana roƙon mutane su ja da baya. Ya kwana huɗu ko biyar a hanya daga Legas, ya ratsa ramukan Mokwa da Bida, ya san abin da ku ba ku sani ba game da titinku.

Ku nemi shugabannin reshen direbobin tanka na ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG, da na masu motocin haya wato NARTO, da dillalan mai na IPMAN a yankinku. Ku gayyace su fadar hakimi ko dagaci, a karɓe su da mutunci. Tambaya ɗaya za ta buɗe bakinsu: me ya sa kuke bi ta cikin gari, ga hanyar bayan gari? Amsar takan zama ɗaya daga cikin uku. Ko hanyar ta lalace, ko akwai 'yan fashi, ko shingayen karɓar na goro sun yi yawa. Wani lokaci kuma abinci da masallaci da bakanike duk a cikin gari suke.

Idan ba a magance dalilin ba, doka ba za ta zauna ba. A 2021 direbobin manyan motoci sun toshe hanya a yankin Bida kwana da kwanaki, bayan gwamnatin jihar Neja ta hana su bin titin Minna zuwa Bida alhali hanyar tarayya da aka tura su ta lalace. Wanda ya toshe ƙofa bai buɗe taga ba, katanga za a fasa masa.

Mataki na biyar: abin da za ku nema

Hanya ce kan gaba. Idan garinku na da hanyar kewaye, ku nemi a wajabta wa duk motar kaya mai haɗari da wucewa kawai za ta yi ta bi ta can. Wadda za ta sauke mai a cikin gari a ware mata titi ɗaya ko biyu sanannu, mafi faɗi, mafi ƙarancin kwana, ko da sun fi nisa. Ƙasashen da suka yi wannan doka ma sai da suka ɗanɗana. A Sifen, ranar 11 ga Yuli 1978, wata tankar gas da aka yi wa lodi fiye da kima ta bar babbar hanya mai kuɗin fito ta bi tsohon titin bakin teku, ta fashe a gefen sansanin masu hutu na Los Alfaques, mutum sama da 200 suka mutu. Bayan nan ne aka hana irin waɗannan motoci ratsa garuruwa. A Amurka ƙa'idar tarayya ta ce mai ɗauke da irin wannan kaya ya kauce wa wuraren cunkoson jama'a sai in babu wata hanyar, kuma tsimin kuɗi ko lokaci ba ya zama uzuri. Legas ma ta keɓe wa tankoki hanya bayan gobarar gadar Otedola ta Yunin 2018.

Sai dai hanyar kewaye tana da ciwonta a wurinmu: gari na bin ta. Titin Nnamdi Azikiwe na Kaduna an yi shi ne don a kewaye gari, yau gidaje da shaguna sun rufe shi hagu da dama. Haka yankin Hotoro a Kano, inda daffon mai yake. Don haka ku haɗa da neman hukumar tsara birane ta hana yanka filaye da kafa kasuwa a bakin sabuwar hanya, in ba haka ba 'ya'yanku za su sake rubuta irin wannan koke.

Na biyu lokaci. Mutane na saurin cewa a mayar da tankoki tafiyar dare. Ni ban goyi bayan a yi haka ido rufe ba. Da dare direba na gyangyaɗi, ramuka ba sa ganuwa, 'yan kwana-kwana na jinkirin zuwa, kuma na Majiya da na Yamai duk cikin dare suka faru. Abin da ya fi amfani shi ne a rufe wasu sa'o'i ƙayyadaddu waɗanda ƙidayarku ta nuna: shiga makaranta da tashi, lokacin sallar Juma'a, tsakiyar cin kasuwa, ranakun idi da hawan salla. Sa'o'i kaɗan da kowa ya sani sun fi saurin karɓuwa a wurin direba, kuma sun fi sauƙin tsarewa. Amma fa sai an tanadi inda motar za ta jira a wajen gari.

Na uku gudu. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ba tanka da tirela kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babban titi, 60 a tagwayen hanya. A gaban makaranta ko kasuwa kuna iya neman a rage. Lita 45,000 ta fetur ta kai nauyin tan 33, ban da motar kanta, kuma ruwa ne, yana tangaɗi. Idan direba ya sha kwana da gudu ko ya kauce wa babur farat ɗaya, man zai taru gefe guda ya kayar da motar. Nauyin nan ne ya sa NMDPRA ta hana yi wa tanka mai lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris 2025.

A nan ina roƙon matasa: ku daina tashi cikin fushi bayan haɗari kuna gina tudun rage gudu da siminti da duwatsu. Tudu mai tsini da babu fenti babu allo yana karya ƙafar tanka, yana kayar da ita a daidai wurin da kuke son karewa. Injiniya ne zai yi shi, mai faɗi, mai gangara a hankali, da allon gargaɗi tun daga nesa.

Na huɗu wurin kwana. Duk wanda ya bi ta Tafa ko Mararrabar Jos ya ga yadda manyan motoci ke jeruwa a kafaɗar titi, ga masu shayi da wutarsu a gindinsu. Ku nemi ƙaramar hukuma ta ware fili a wajen gari, nesa da gidaje, mai ƙofar shiga daban da ta fita, da ruwa da makewayi da masallaci da maigadi, masu abinci kuma a ba su gefe guda can nesa da motocin. Idan kuɗin shiga ya yi tsada ko babu tsaro, direba zai koma bakin titi. Ƙa'idar Amurka ta hana ajiye motar nakiya ƙasa da ƙafa 300, wajen mita 90, daga gida ko gada ko wurin taruwar jama'a. Kuna iya ɗaukar wannan a matsayin mafi ƙarancin tazara. A hana kwana da tanka a cikin lungu ko da ta mai gidan ce. Kuma a sani tankar da aka sauke wa mai ba ta zama lafiya ba, cikinta cike yake da tururi. Mai walda da ya sa mata wuta ba tare da an wanke ta an fitar da tururin ba, ransa ya sa a gaba, da na maƙwabta.

Mataki na shida: takarda da bin sawu

Koken kada ya wuce shafi biyu. Ku faɗi sunan titi, ku kawo ƙidayarku, ku maƙala zanen, ku jera buƙatunku a fili, kowace da hukumar da ta shafa. Hakimi da limamai da shugabannin makarantu da na kasuwa su sa hannu, in an samu sa hannun shugaban direbobi to an gama rabin aiki. Ku kai da kanku, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku ba ɗan majalisar jiha na mazaɓarku kwafi, ku kuma kai wa kwamandan FRSC na yankin da shugaban 'yan kwana-kwana.

Umarnin baki yana tafiya da wanda ya ba da shi. Ku dage a mayar da abin rubutacciyar doka, ta ƙaramar hukuma ko ta jiha, mai faɗin hanya da sa'o'i da tara da wanda zai kama. A kafa alluna da Hausa da Turanci tun kafin mararrabar da direba zai juya, a kuma sanar a daffo da tashoshin da ake lodi, inda jami'an FRSC ke duba lafiyar tanka kafin ta ɗauki mai. A ba da wa'adin wata guda na faɗakarwa kafin a fara cin tara.

Kada 'yan sintirin unguwa su fara tare tanka da sanduna. Tsayar da ita a tsakiyar jama'a ya fi barinta ta wuce haɗari, kuma nan da nan abin ke rikiɗewa ya koma karɓar kuɗi. Aikinsu su ɗauki lambar mota da lokaci, kwamiti ya miƙa wa hukuma da ƙungiyar direbobi duk wata. Ƙungiya na da hanyar ladabtar da ɗanta wadda ta fi tara zafi.

Mataki na bakwai: ranar da tanka ta faɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko an samu duk abin da aka nema, wata rana birki zai tsinke. Ku raba aiki tun yanzu: wane ne zai kira 112 da 122 ta FRSC da lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa, su wane ne za su tare titi daga ɓangarorin biyu tun daga nesa, wa zai shiga masallaci ya yi shela a lasifika, su wa za su zaga a kashe murhu da janareto da injin niƙa.

Tazarar da masu kashe gobara ke aiki da ita ta fi yadda mutane ke zato. Idan fetur ya zube da yawa, a janye jama'a aƙalla mita 300 ta inda iska ke kaɗawa. Idan tankar ta kama wuta, mita 800 ta kowane gefe. Idan ta gas ce ke ci, mita 1,600, domin tukunyar na iya fashewa bayan an daɗe ana kallo, ta yi jifa da ƙarfe. A gudu ta inda iska ke fitowa, a hau tudu, a bar kwari da bakin lambatu. Kada a tayar da babur ko mota a kusa. Idan ana iya yi daga nesa ba tare da taka man ba, a datse lambatu da yashi don kada ya shiga unguwa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukarta yake yi ya yaɗa, kumfa ake sa mata, don haka ku tambayi ofishin kwana-kwana na yankinku tun yau ko suna da ita. Juye mai daga tankar da ta faɗi aikin ƙwararru ne masu famfon da ba ya tartsatsi, bayan an kori kowa. Abin da janareto ya jawo a Dikko ya isa.

Sai maganar ɗibar mai, wadda ita ce ta fi cin rayuka. Na san halin da ake ciki, na san abin da jarka ɗaya za ta saya tun da aka cire tallafi a 2023. Zagin mutane da kiran su ɓarayi bai hana kowa ba. Abin da nake ganin zai yi tasiri shi ne a yi maganar tun kafin ranar, a huɗuba da islamiyya da majalisar shayi da taron suna, a bayyana wa mutane yadda abin yake: wanda ke tsaye cikin warin fetur yana tsaye ne cikin abin da zai kama gaba ɗaya a lokaci guda, bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta ya isa ya tayar da shi, rigar da ta jiƙe da mai kuma ba ta ciruwa. A gaya wa iyaye mata musamman, don su ne ke iya riƙe yaro a gida. Masu ɗaukar hoto da waya su ma suna cikin waɗanda wutar ke cimmawa.

Wanda ya ƙone a kwarara masa ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, na minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a bar tufar da ta manne da fata. Kada a shafa manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki. A rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti. Kwamiti ya san tun yanzu asibitin da ke karɓar masu ƙuna, da motoci uku ko huɗu na unguwa da masu su suka yarda a buga musu ƙofa ko ƙarfe biyun dare ne, a rubuta lambobinsu a manna a bangon masallaci da ƙofar mai unguwa.